An rubuta maka kine? Ga shirin ranar farko

A Maraɗi, idan likita ya rubuta wa mutum "kine" a takarda, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne tausa. Wanda ya saba da bakin Katsina ko Kano kuma zai ce "gashin ƙashi", sai ya hango jan fitila da tawul mai zafi. Duka sunayen biyu suna ruɗin mutane, domin suna sa majinyaci ya zo da niyyar ya miƙe a gado a yi masa aiki, kamar wanda ya kai kansa wajen wanzami. Tausa da ɗumi suna ciki, amma su ne ƙaramin kaso. Babban kason motsa jiki ne da aka auna aka tsara, kuma mai ciwon ne zai yi shi da kansa, mafi yawa ma a tsakar gidansa. A yi lissafi: zuwa uku a sati, kowane zuwa minti 40, awa 2 ke nan cikin awa 168 da ke cikin sati. Sauran awa 166 suna hannun mai ciwo da masu jinyarsa. Shi ya sa ranar farko ta fi kowace rana nauyi, ita ce ranar da za a auna ka, a kuma koya maka abin da za ka yi a waɗancan awowin da ba kowa a kanka.

Takardu, da tambaya guda da ake mantawa

Takardar da likita ya rubuta ita ce gaba, wadda ke faɗin gaɓar da za a yi wa aiki da yawan zuwa, sau 10, ko 15, ko 20. Sai hotunan radiyo, dukansu, tsofaffi da sababbi. Mutane kan ɗauko na ƙarshe kaɗai su ce na farkon ya wuce aiki, alhali na ranar da aka karye shi ke nuna yadda ƙashin ya tsage, na ƙarshe kuma ya nuna inda ya kai wajen haɗewa. Hoton kansa ake so, ba takardar bayanin da ke tare da shi kaɗai ba. Kada a naɗe shi kamar tabarma, kada a bar shi cikin rana ko ƙarƙashin kujerar babur. Wanda aka yi wa sikanar ya haɗo da shi. Wanda aka yi wa aiki, a CHR ne, wato asibitin jihar Maraɗi, ko Asibitin Referans, ko can Yamai, ko Katsina, ya nemi takardar bayanin aikin tun kafin a sallame shi, domin a cikinta ne ake ganin ko an sa ƙarfe, wane iri, a ina, da abin da aka ɗinke.

Tambayar da ake mantawa kuwa ita ce: an yarda in taka ƙafar? Amsar tana bakin likitan da ya yi aikin, ba ta bakin likitan kine ba. Kuma hawa uku ce: kada a taka sam, a taka kaɗan da taimakon sanduna, ko a taka gaba ɗaya. Idan majinyaci ya iso ba shi da wannan amsa, likitan kine mai hankali zai ɗauki mafi tsanani, ya hana takawa har sai an ji daga can. Sati guda ko biyu na iya salwanta a kan magana ɗaya da za a iya tambaya a bakin ƙofa. Haka wanda aka canza wa gaɓar kwankwaso, ya tambayi motsin da aka hana shi da tsawon lokacin hanin. Sau da yawa ana hana tsuguno, da zama kan kujera ƴar tsuguno, da harɗe ƙafafu na sati 6 zuwa 12.

A zo da kwanan wata. "Tun bayan Sallar Layya" ko "lokacin da aka fara yankan hatsi" magana ce da kowa ke ganewa, amma jiki da satittika yake warkewa. Ƙashin babban mutum kan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, gwargwadon wane ƙashi ne, na yaro ya fi sauri. Jijiyar tsoka da aka ɗinke tana son a lallaɓa ta kamar sati 6 kafin a fara ɗora mata nauyi. Motsin da ke magani a sati na 8 yana iya ɓata aiki a sati na 3. A zauna da daddare a duba rasit na asibiti ko saƙonnin da ke cikin salula, a fitar da ranar a rubuta.

Magani kuma a zuba shi cikin leda a kawo, da kwalayensa. Na farmasi, na mai tallan magani a faranti, da na gargajiya, duka. Ba don a yi wa kowa faɗa ba ne. Mai shan tramol ba zai ji zafin da ya kamata ya tsayar da shi ba, sai a wuce iyaka ba a sani ba. Ƙananan ƙwayoyin nan irin su dexamethasone da ake sha watanni don ciwon gaɓɓai suna rage ƙarfin ƙashi, suna ɗaga suga, kuma wanda ya daɗe yana shan su ba a danna masa ƙashin baya da ƙarfi. Mai shan maganin tsinka jini kuma tausa mai ƙarfi na iya tara masa jini ƙarƙashin fata.

Maganar ɗori

A nan ne aka fi yin ɓoyo. Da yawa daga masu karaya sun biya ta wajen maɗori kafin su iso asibiti, wasu ma bayan an cire musu filasta suka koma. Ma'aikatan kine sun san haka sarai, kuma ko ba a faɗa ba, gaɓar tana faɗa. Amma faɗin yana rage hanya. Kwana nawa karan ɗorin ya yi a ɗaure? Yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko sun sage a lokacin? An ja an miƙe gaɓar da ƙarfi? Sau nawa aka kwance aka sake ɗaurewa? Ɗauri mai tsanani yana toshe jini, yana kuma danne jijiyar ji, kuma hannun da ya ƙanƙance saboda haka aikinsa dabam ne da hannun da ya sandare don daɗewa a ɗaure kawai. Gwiwar hannun yaro ita ce abin tausayi: idan aka yi ta murza ta ana lanƙwasa ta da ƙarfi bayan karaya, ƙashi na iya tsirowa a cikin tsokar, gaɓar ta ƙara ƙullewa. Uba ya ga hannun ɗansa ba ya miƙewa, sai ya ƙara kai shi a ja, ashe jan ne ke ƙulle shi.

Tsaga, ƙaho, sakiya da lalas ma a faɗe su, musamman idan wurin bai gama warkewa ba. Ba a ɗora ɗumi ko kuran, wato wutar lantarkin da injin kine ke sakarwa jiki, a kan fatar da ke da rauni.

Yadda za ka faɗi ciwon

"Baba, ina ne ke ciwo?"

"Jikin duka ne, ɗana."

Gaskiya Baba ya faɗa, amma ba a iya gina aiki a kanta. Kwana uku kafin ranar, mai ciwo ya sa wa kansa ido. Ya iya nuna wurin da yatsa ɗaya, in kuma ciwon tafiya yake, ya bi hanyarsa da yatsan: daga ƙugu ya bi ɗuwawu, ya sauka bayan cinya, ya tsaya a gwiwa ko ya wuce har babban yatsa? Inda ya tsaya yana nuna wace jijiya ce aka danne. Hausa ba ta rasa kalmomin ciwo ba, a yi amfani da su. Suka dabam, zogi dabam, raɗaɗi dabam, tsami dabam. "Kamar kuran ya ja ni", ko "kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa", ko "wurin ya mutu ba na jin sa", waɗannan maganar jijiya ce. Tsami da nauyi bayan aiki sun fi kama da maganar tsoka da gaɓa.

Za a tambaye ka ciwon nawa ne daga 0 zuwa 10, inda 0 babu komai, 10 kuma shi ne mafi tsananin da ka taɓa ji. Mutanenmu kashi biyu ne a nan. Akwai mai dauriya, dattijo ko uwar ƴaƴa, gumi na keto masa yana cewa "da sauƙi, alhamdu lillahi". Akwai kuma mai cewa 10 kullum don kada a raina ciwonsa. Dukansu suna ɓata ma'aunin, domin da lambar yau za a gwada ta bayan sati 3. Godiya ga Allah tana nan, a yi ta, sannan a faɗi lambar gaskiya.

A lura da safiya. Gaɓar da ke sandarewa da an tashi daga barci ta sake cikin minti 10 ko 20 ta fi kama da zaizayewar gaɓa irin ta shekaru. Wadda ke kai awa guda ko fiye tana sandare, tare da kumburi, tana nuna wani ciwon da ke son gwajin jini. A lura da dare kuma: ciwon da ke tada mutum daga barci ko bai motsa ba abin faɗa ne.

Abin da ya fi duka amfani shi ne a faɗi aikin da ya gagara. Ruku'u ne ko sujada ko zaman tahiya? Tsuguno a masai? Daka, jan guga, goyo, ɗaga tulu? Duƙawa a gona? Taka keken ɗinki? Tada babur da ƙafa? Wannan ba hira ba ce, a nan ake fitar da abin da za a nufa. Tafiya a fili tana son gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 60. Zama kan kujera da hawa bene, wajen digiri 90 ko ɗan fiye. Amma tsuguno da zaman tahiya suna son fiye da 130. A ƙasashen da ake zama kan kujera a yi bayan gida a zaune, gwiwar da ta kai 110 ta wadatar da mai ita. A nan kuwa, mai gwiwa 110 har yanzu ba ya iya shiga masan gidansa, ba ya iya zama kan tabarma a ci tuwo da shi. In ba ka faɗi irin rayuwarka ba, za a iya sallamarka da rabin aiki. Kafin gwiwar ta kai, salla a zaune halal ce. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kwance kan gefe. Kujera a masallaci ba abin kunya ba ce ga wanda aka hana tsuguno.

Sutura, ciki, da ɗan rakiya

Ba a auna gwiwa ta saman shadda. Namiji ya sa gajeren wando ƙarƙashin kayansa, da singileti in kafaɗa ce ko baya. Mace ta sa wando mai laushi ƙarƙashin zane, da riga mai faɗin hannu, ba ɗinkin da ya kama jiki ba wanda sai an cire shi gaba ɗaya kafin a ga kafaɗa. Wurin da ake aiki kaɗai ake buɗewa, sauran jiki a rufe da mayafi, kuma haƙƙin majinyaci ne ya nemi a ja labule. Wadda take son mace ce ta duba ta, ta faɗa tun ranar da ake karɓar randebu, ba sai ta shiga ɗaki ba, domin ma'aikatan ba su da yawa kuma sai an daidaita ranaku. In ba a samu ba, ta shigo da ƴar'uwa ko ɗiya. Abin da bai kamata ba shi ne a fasa zuwa gaba ɗaya, kafaɗa ta ƙulle shekara guda saboda maganar da za a iya warwarewa da tambaya.

A zo da takalmin da ake sawa kullum, ko da ya tsufa. Yadda ƙasansa ya cinye yana nuna yadda mutum ke taku. Amma wanda ƙafarsa ke ja, silifas ba nasa ba ne, ya samu mai maɗauri a dunduniya. Zobe, awarwaro, sarƙa da agogo a bar su gida. Kada a shafa man zafi kafin a zo: yana hana abin kuran mannewa a fata, kuma in aka haɗa shi da fitilar ɗumi fata na iya ƙonewa.

A ci abu mara nauyi awa guda ko biyu kafin lokacin, a riƙo ruwa, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Mai ciwon suga kada ya sha magani ya fito da ciki wayam, motsa jiki na ƙara sauke suga. Ya sa dabino ko sukari a aljihu, in ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi ya faɗa nan take. Mai hawan jini ya sha maganinsa na safe kamar kullum. Wasu kan bar shi wai don likita ya ga ainihin ciwon, sai a auna a ga tansiyo ta haura 18/11, wato 180/110, a ce su koma gida, kuɗin mota ya tafi a banza. Maganin rage zafi da likita ya rubuta a sha shi yadda aka rubuta, kada a ninka don a daure. Mai ciki ta faɗa ko cikin bai fito ba. Mai farfaɗiya da wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya su ma su faɗa, domin ba a sa musu kuran kai tsaye.

Ɗan rakiya kuwa, a zaɓi wanda ke kwana da mai ciwon, ba wanda ke biyan kuɗi ba. Sau da yawa Alhaji babban ɗa ne ke shiga ɗaki, ya saurari bayani da kyau, ya koma kasuwa, alhali mai juya tsohuwa da dare ƴar jikanya ce da aka bari a gida. Ita ya kamata a koya wa. A zo da salula mai caji, a nemi izini a ɗauki bidiyon kowane motsi lokacin da mai ciwon ke yin sa ana gyara masa. Takarda na ɓacewa, kuma zanen ɗan mutum da ke kanta ba kowa ke gane shi ba.

Ga mai shanyewar ɓarin jiki akwai ƙarin kashedi tun daga gida. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye don a tada shi. Tsokokin da ke riƙe kafaɗa sun saki, jan na sa kan ƙashin ya zame daga mazauninsa, daga nan ciwon kafaɗa ya shigo ya hana duk wani aiki. A riƙe shi ta ƙugu, ko ta allon kafaɗa daga baya. A ɗauki adaidaita maimakon a matse shi tsakanin mutum biyu a kan kabu-kabu, a ɗora hannun kan matashi a cinyarsa. Kuma kada a jira wai sai ya ƙara ƙarfi kafin a fara. Mafi yawan abin da ke dawowa bayan shanyewar jiki cikin wata 3 zuwa 6 na farko yake dawowa, kuma watannin nan su ne ake cinyewa ana yawon neman magani gari-gari. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, a duba ɗuwawu da dunduniya kullum.

Cikin ɗakin

Zaman farko kan ɗauki minti 45 zuwa awa guda, kuma fiye da rabinsa tambaya ce da awo. Za a sa ka tafi ka dawo, ka zauna ka tashi, ka ɗaga hannu. Za a duba ɓangaren lafiya kafin mai ciwo, don shi ne ma'auni. Kada ka ce an yi kuskuren ƙafa. Akwai ɗan ma'auni mai hannu biyu kamar almakashi da ake ɗorawa a gaɓa a karanta digiri. Ƙarfin tsoka ana ba shi lamba daga 0 zuwa 5: 0 ba ko motsi, 3 tana iya ɗaga gaɓar sama amma ba ta jure turi, 5 lafiyayya. Za a zagaya cinya da tef a gwada da ɗayar, domin tsokar da ba ta aiki tana fara ramewa tun satin farko ko na biyu. Za a taɓa fata da auduga ko abu mai tsini kana rufe da ido. Ka nemi a faɗa maka lambobinka ka rubuta su. Ranar da ka ji kamar ba ka ci gaba, su ne za su gaya maka gwiwar ta tashi daga 70 zuwa 85.

Wasu na fitowa suna ƙorafi: "Bai yi mini komai ba, tambaya kawai." Wasu kuma ba sa jin an yi musu aiki sai an kunna inji. Fitilar ɗumi da kuran suna rage zafi na ɗan lokaci, suna sassauta wuri don a samu a motsa shi, iyakarsu ke nan. Ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi irin wanda za ta ɗauke ka, ba sa buɗe gaɓar da ta ƙulle. Ranar da aka ɗauke wuta ba a yi asarar zuwa ba. Wurin da za a yi ta kwantar da kai ƙarƙashin fitila sau 10 ba a taɓa ba ka motsi ko ɗaya na gida ba, nan ne ya kamata ka yi tambaya.

Tunda an zo kan ɗumi: a gida minti 15 zuwa 20 ya isa, da tawul tsakanin fata da abin zafin. Ba a gasa sabon rauni cikin kwana 2 zuwa 3 na farko, sanyi yake so, ƙanƙara a naɗe cikin zane minti 10 zuwa 15. Ba a kuma gasa fatar da ba ta ji. Mai suga da ƙafarsa ta mutu, mai shanyewar jiki, da mai kuturta irin waɗanda asibitin Danja ya daɗe yana kula da su, duk suna iya ƙonewa har tsoka ba su ce uffan ba. Lokacin hunturu, da ake kai kaskon wuta ɗaki ana tsoma ƙafa cikin ruwan zafi, shi ne lokacin wannan ɓarnar. Mai jinya ya fara gwada ruwan da gwiwar hannunsa.

Idan sanda aka ba ka, a hannun da ke ɓangaren lafiya ake riƙe ta, ba na ƙafar da ke ciwo ba, kusan kowa yana juya wannan. Tsawonta ya kai wuyan hannu idan ka tsaya ka saki hannuwa. Sandunan hamata kuma a bar faɗin yatsu 2 ko 3 tsakaninsu da hamatar, nauyi a tafin hannu yake sauka. Mai rataye jikinsa a kansu yana danne jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu, ya zo neman maganin ƙafa ya koma da hannu a sake. Hawa dakali ko bene, ƙafar lafiya ce gaba. Saukowa, mai ciwon ce gaba.

Yaro in shi za a kai, a zo da karnensa, wato ɗan littafinsa na asibiti, a shayar da shi kamar awa guda kafin lokacin don kada yunwa ko amai su katse aikin. Uwa ta tuno yadda haihuwar ta kasance, ko ya yi kuka da wuri, ko ya yi shawara, sanƙarau ko zazzaɓi mai suma, da watan da ya riƙe wuya, ya zauna, ya yi rarrafe. In ƙafa ta fara ja ne bayan allura a ɗuwawu, a faɗi ranar allurar. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe kuma ba jira ake yi ya girma ba. Cikin satittikan farko ake fara gyara ta da filasta da ake canzawa duk sati, sannan takalmi mai sanda da zai riƙa kwana da shi har wajen shekara 4.

Kafin ka fita

Kada ka bar ɗakin sai ka san motsi nawa aka ba ka, kowane sau nawa, sau nawa a yini, da abin da aka hana. Uku ko huɗu da ka iya sun fi goma da za ka manta kafin ka kai bakin titi. Ka yi kowanne a gaban likitan kine ya gani. Ka tambayi zafin da aka yarda da shi. Abin da aka saba bi shi ne, ciwon da bai wuce 3 ko 4 cikin 10 ba, ya kuma lafa kafin washegari, ba ɓarna ba ne. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan zaman farko ma ba abin tsoro ba ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke gudu suna cewa kine ya ƙara musu ciwo.

Maganar kuɗi a yi ta a fili tun ranar. A haɗa kuɗin zama da na mota a ninka da yawan zuwan. Wanda zai taso daga Dakwaro, Mayahi, Tasawa ko Gidan Rumji ya faɗi gaskiyar abin da zai iya, balle in damina ta kama da aikin gona. Zuwa ɗaya a sati na sati 10 tare da aikin gida na gaske ya fi zuwa biyar a jere cikin satin farko sannan a ɓace. Likitan kine yana iya shimfiɗa tsarin a kan haka, in ya sani.

Akwai abubuwan da ba a jiran randebu na gaba a kansu, asibiti ake nufa a ranar. Mai ciwon baya da ya fara kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko matse-matsinsa ya mutu. Sha-raɓar ƙafa ɗaya da ta kumbura ta yi zafi bayan aiki ko doguwar kwanciya, wannan jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya, kuma tausa ita ce mafi munin abin da za a yi mata. Numfashi da ya sarƙe farat ɗaya ko ciwon ƙirji. Wurin ɗinki da ya fara ruwa da zazzaɓi. Ciwon baya mai hana barci tare da rama da gumin dare kuma a koma wajen likita a bincika, domin tarin fuka na kama ƙashin baya.

A gida, agogon da ba ya kuskure shi ne salla. In an ce sau uku a yini, a ɗaura su bayan Asuba, bayan La'asar da bayan Isha'i, a ja layi a kalanda duk lokacin da aka yi. Mai kafaɗa ya fuskanci bango, ya hau da yatsu har inda ya tsaya, a sa alama da gawayi a rubuta ranar a gefe, a sake duk Juma'a. Mai gwiwa ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya jawo dunduniya zuwa ɗuwawu, a auna tazarar da ta rage da tef ɗin tela. Kalandar da lambobin su ne za ka riƙo ranar zuwa na biyu, tare da ledar maganin in an canza wani abu a cikinta.